Shafin da Ban Karanta Ba

Duk sanda matasa suka tambaye ni yadda aka yi na tsunduma cikin rubuta ƙagaggun labaran kimiyya, labarin tauraruwa mai wutsiya nake ba su. Yana da daɗin ji, kuma ba ya taɓa mini mutunci. Ba ƙarya a cikinsa, sai dai rabin zance ne. Ɗaya rabin na daɗe ina kwance a kansa kamar kaza a kan ƙwai, yau dai na ga gara in fasa shi da hannuna.

Bari in fara da mai daɗin.

Shekarata 11 a 1986, lokacin da rediyo ya ishe mu da zancen tauraruwar Halley. Kullum sai an ce tana tafe, mai wutsiya ce, ba ta leƙowa sai bayan shekara 75 ko 76. Ni a zatona wuta zan gani ta tsaga sama gida biyu. Wata asuba Baba ya tashe ni, ya ja hannuna muka fita waje, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga ta can." Na duba, na mutsittsike ido na sake dubawa. Abin da na gani bai wuce ɗan dusu-dusun fari ba, kamar an shafa alli da yatsa a kan baƙin allo. Saura ƙiris in fashe da kuka. Sai da na girma na gane ba laifin idona ba ne. A wannan zuwan, lokacin da ta fi kusantar rana a watan Fabrairu, tana can ƙetaren rana mu muna nan, shi ya sa ta zo mana a dushe.

Baba ya ce, "Kalle ta da kyau. Ni da ita sallama ke nan. Kai kam, in da rabo, kwa sake haɗuwa."

Na koma shimfiɗa barci ya ƙi zuwa, ina ta ƙirga da yatsu. Za ta dawo a 2061, ina da shekara 86. A daren na fara gane cewa gobe ma wuri ce, mutane za su zauna a cikinta su yi harkokinsu, kuma akwai waɗanda ba za a je da su ba. Maganar Baba ta tabbata, Allah ya jiƙansa. Duk abin da na rubuta a rayuwata daga wannan ƙirgen ya tsiro.

Yayata, wadda ta ba ni shekara bakwai, ita ta ga na zautu da kallon sama ta kawo mini Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito tun 1969. Sai da bango ya rabu da littafin. Babban abin da ya yi mini shi ne ya nuna mini harshen da nake mafarki da shi ma yana iya hawa sama ya dawo lafiya.

Ina da shekara 22 na gama labarina na farko da nake ganin ya isa a nuna wa mutane. Wani saurayi ne aka tura aiki duniyar Mas, kullum da yamma yana kiran mahaifiyarsa su yi hira. Na zuba tausayi a ciki iya ƙarfina. Na kai wa Yaya, wadda a lokacin ta fara koyar da fiziks, na zauna gefe ina jiran ta share hawaye. Ta karanta shafi biyu, ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago kai ba. "Ba ni biro."

Ta juya takardar ta rubuta 300,000. "Wannan kilomita ke nan da haske yake ci a daƙiƙa ɗaya. Saƙon rediyo ma gudunsa ke nan, kuma babu abin da ya fi shi." Ta rubuta miliyan 55, ta rubuta miliyan 400 a ƙarƙashi. "In Mas ta matso kusa da mu, in kuma ta yi nisa. Raba mini." Na raba, hannuna yana rawa. Na farko ya ba da minti uku da ɗan ɗoriya, na biyu minti 22.

"To, ƙanina, uwar nan ta ce 'ya jikin naka?' Yaushe za ta ji 'da sauƙi'?"

Na ce, in an yi rashin sa'a, bayan minti 44.

"Amma kai ka sa suna katse wa juna magana kamar masu zaune a tabarma ɗaya."

Na ƙwace takarduna na fita ko sallama babu. Kwana uku ba na yi mata magana. A na huɗu na farka da wata tambaya da ta hana ni sakat: me uwa take yi a cikin minti 44? Tana zaune ta zuba wa na'ura ido? Tana tashi ta kama wani aiki don kada zuciyarta ta fashe? In ta faɗi maganar da ta yi nadama, ta san maganar tana kan hanya, ba ta isa ba tukuna, kuma ba dama ta kamo ta? Na koma wurin Yaya da kaina a ƙasa, ita kuma ta ƙara mini da wani abin da ban sani ba: kusan duk bayan wata 26 rana takan shiga tsakaninmu da Mas, sadarwa ta gurgunce har wajen mako biyu. Na yaga tsohon labarin na sake sabo. A cikinsa uwar ta kwanta ciwo daidai lokacin da rana ta raba su. Shi ne labarina na farko da aka buga, a wata 'yar ƙaramar mujalla da ba ta yi tsawon rai ba, kuma har yau ban rubuta wanda ya fi shi ba.

Wannan shi ne abin da nake ƙauna a sana'ar nan. A tatsuniya in Gizo ya hau sama ba wanda zai tsare mai ba da labari ya ce da wace igiya. A namu kuwa mai karatu yana da haƙƙin ya ce "ta yaya?", kuma sau da yawa amsar wannan tambayar ita ce take haifar da labarin. Dokar da ta ɗaure maka hannu ita take nuna maka inda ciwon yake.

Sai dai ni ba wannan darasin na ɗauka ba a lokacin. Abin da ya zauna mini a rai shi ne daɗin da ke cikin cewa "ba ni biro".

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin ba da labari. Na kama aikin koyar da lissafi, na yi aure, na fitar da littafi biyu na gajerun labarai waɗanda masu saye ba su wahalar da masu sayarwa a kansu ba. Na yi ta fama da kalmomi, don mai rubuta irin wannan labari rabin aikinsa ƙira ne. Kumbo da 'yan sama jannati mun gada, amma sauran sai ka hura wuta ka ƙera da kanka. Na yi shekaru ina rigima da masu kiran ƙarfin da ke jawo abu ƙasa da sunan maganaɗisu, ina cewa maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa har auduga bai bari ba. Har gobe ina kan bakana, ko da yake na lura ba wanda ya fasa barci saboda haka.

A cikin wannan halin na ci karo da Damon Knight, wani Ba'amurke da aka haifa a 1922. Marubucin gajerun labarai ne, amma da tarke, wato sharhin littattafai, ya fi yin suna. Don a gane matsayinsa sai an san yadda gidan yake. Tun da Hugo Gernsback ya fito da mujallar Amazing Stories a watan Afrilun 1926, yakan buga wasiƙun masu karatu har da adireshinsu. Masu karatu suka fara rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, suka riƙa buga 'yan ƙananan mujallunsu. Daga cikinsu marubuta suka fito, daga cikinsu masu sharhi suka fito, sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake ɗauke da tulun biyu. Gida ne da kowa ya san kowa, kuma inda kowa ya san kowa yabo ya fi gaskiya araha.

Knight ya zo ya ce bai yarda ba. A ganinsa labarin kimiyya adabi ne kamar kowane adabi, don haka da mudun da ake auna sauran za a auna shi: jigo, zubi da tsari, salo, da ko mutanen ciki suna da rai. A 1945, bai wuce shekara 23 ba, ya ɗauki The World of Null-A na A. E. van Vogt, wanda a lokacin yana cikin manyan da ake ji da su, ya feɗe shi har wutsiya. A 1956 aka tattara sharhunansa a littafin In Search of Wonder, kuma a shekarar ya karɓi kyautar Hugo, wadda ake bayarwa a fagen labaran kimiyya, a matsayin mai sharhin littattafai. Shi da abokinsa James Blish ne suka yaɗa wani laƙabi da na fassara wa kaina da "zubin wawaye", wato labarin da ba zai yi tafiya ba sai in duk mutanen cikinsa wawaye ne, don da ɗayansu zai yi tambaya ɗaya mai hankali da an tashi tun a babi na farko.

Na karanta littafin nan kamar mai jin ƙishirwa. Na ce ai ni ma abin da nake gani ke nan. Mutum ya rubuta shirme, a taru a ce masa Allah ya ƙara basira, ya tafi ya ƙaro wani shirmen. Na nemi fili a wata jarida aka ba ni, duk mako ina feɗe littafi ɗaya.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, wasu daga cikin sharhunan nan sun yi amfani, kuma ko yau zan sa hannu a kansu. Akwai wanda ya sa fashewar kumbo ta yi ƙara a sararin da babu iskar da za ta ɗauki sauti, na gaya masa. Akwai wanda ya kai mutane tauraro mafi kusa da rana cikin mako biyu bai ce mana ta yaya ba, alhali haske kansa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni a hanya, shi ma na gaya masa. Amma sannu a hankali abin ya sauya kama. Na lura makon da na yi yabo ba mai ce mini uffan, makon da na zubar da jini kuwa har tare ni ake a hanya ana maimaita mini jimlolina ana dariya. Na fara buɗe littafi ba don in ji me yake cewa ba, sai don in nemo inda zan soka wuƙa. In na samu, aiki ya ƙare. Wani lokaci tun ina shafi na goma na riga na gama tsara jimlar da za ta kashe littafin, sauran shafukan sai dai in bi su da ido.

Wanzami kuwa ba ya son jarfa. Duk sanda na zauna rubuta nawa labarin, kafin in kai ƙarshen sakin layi na farko sai in ji muryar mai sharhin nan a kunnena yana tsara yadda zai yi da ni. In goge, in sake, in goge. Shekara tara ban gama labari ko ɗaya ba. Ina gaya wa mutane aiki ne ya yi mini yawa.

Uwargida ce kaɗai ba ta sayi wannan ba. Wata rana na ba ta wani guntun da na fara, ta karanta ta ajiye ta ce, "Malam, ba ku ne kuke kiran mutanen cikin labari taurari ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To na sama dai ka san nisansu da nauyinsu. Waɗannan na cikin takardar kuwa ko gaisawa ba ku taɓa yi ba." Na yi dariyar yaƙe na ce ba fanninta ba ne.

A cikin waɗannan shekarun ne aka aiko mini da wani ɗan kundi na labaran sababbin marubuta. Dare ya yi, gobe ne ranar miƙa sharhi, kaina yana sarawa. Na buɗe na faɗa kan wani labari mai shafi 12 na wata yarinya ɗaliba. Wata budurwa ce za a tura aiki a bayan wata, wato gefensa da ba ma gani daga duniya, kakarta tana haɗa mata kaya. A tsakiyar shafi na uku kakar ta ɗauko tocila ta cusa a jaka, tana cewa can bayan wata rana ba ta taɓa leƙawa, duhu ne na har abada.

Na ajiye kundin ina murmushi. Na samu.

Tsohon kuskure ne da mutane da yawa suke yi. Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya a cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, daidai tsawon lokacin da yake ɗauka ya kewaye duniya, shi ya sa kullum fuska ɗaya yake nuna mana. Amma ɓoyuwa daga idonmu daban, ɓoyuwa daga rana daban. Bayan wata yana samun wajen mako biyu na rana da mako biyu na dare, kamar gabansa. Tun watan Oktoban 1959 kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyat ya ɗauko hotonsa, kuma da hasken rana ya ɗauka. A Disambar 1968 mutum uku na cikin kumbon Apollo 8 suka gan shi da idonsu. Duk na zuba wannan a sharhin, na kama sunan yarinyar, na rufe da cewa kafin ta tura mutum wata ya kamata ta fara komawa aji uku na firamare. Jimlar ta yi farin jini. An yi mako ana tare ni da ita.

Shekara shida suka wuce. A farkon 2019 aka gayyace ni wani taron marubuta, ana cikin zancen kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin, wanda ranar 3 ga Janairu ya zama na farko da ya sauka lafiya a bayan wata. Na yi bayanin yadda sai da suka fara harba wani tauraron ɗan'adam mai suna Queqiao don ya riƙa isar da saƙo, tunda daga can ba a ganin duniya balle a yi magana da ita kai tsaye. Da na ga zauren ya yi tsit ana saurarona, sai daɗin baki ya ɗebe ni, na ce bari in ba ku labarin wata da ta taɓa aika mutum can da tocila. Aka kwashe da dariya.

Bayan an tashi ina tattara takarduna, wata mata ta matso, riƙe da hannun ɗan ƙaramin yaro.

"Malam, sannu da ƙoƙari."

"Yawwa, Malama, sannunmu."

"Ni ce mai tocilar."

Na rasa inda zan sa idona. Na fara haɗa wata magana a kan cewa gyara ba ƙiyayya ba ce, ta bar ni har na kai aya. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi komai ƙona ni.

"Tambaya ɗaya ce da ni, ranka ya daɗe, shekara shida ina riƙe da ita. Ka kai shafi na huɗu?"

Na ce ina jin na kai. Ta yi ɗan murmushi, ta ce Allah ya huta gajiya, ta ja ɗanta suka tafi.

Ban tuɓe ko takalmi ba na shiga ɗakin da nake tara littattafai. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na tono kundin a ƙasan wani kwali. Ga jan birona nan a shafi na ɗaya, ga shi a na biyu, ga wani ƙaton da'ira da na zagaye tocilar da shi a na uku har biron ya huda takarda. Daga nan babu ko ɗigo. Shafi tara fes, ko lanƙwasar yatsa babu.

A shafi na huɗu budurwar ta isa. Tashar sauraron sararin samaniya ce aka gina a bayan wata, saboda jikin watan yana tare hayaniyar rediyon duniya, dalilin da masana na gaskiya suka daɗe suna kwaɗayin wurin. Ta fito cikin rigar 'yan sama jannati, rana tana tsakiyar ka, rana irin wadda takan kai zafin ƙasar wurin sama da digiri 100, kuma sai an yi kwanaki kafin ta faɗi. Ta ɗaga kai, babu duniya a sama, don daga can ba a taɓa ganinta. Sai ta lissafa ta gane cewa a daidai wannan lokacin, a gida, wata ya ɓuya. Haka abin yake: ranar da muke rasa wata a sama, ranar ce bayansa yake shan rana gaba ɗaya. Wato daren da kakarta za ta fito ta duba sama ta ga wayam, hankalinta ya fi tashi, shi ne lokacin da jikar take tsaye cikin hasken da ya fi kowane haske.

Da aka ba ta damar aika saƙo gida, ta zauna za ta yi wa tsohuwar bayani. Ta fara, ta goge. A ƙarshe abin da ta aika shi ne, tocila tana aiki, Kaka, kullum da ita nake kwana. Sauran shafukan a kan wannan ƙaryar suke, yadda take girma, da abin da ta ci wa mai yin ta.

Yarinyar nan ta san duk abin da na sani, ta kuma san abin da ban sani ba. Kuskuren da na yi mata tsiya a kansa na kakar ne, da gangan ta sa shi a bakinta, shi ne ginshiƙin da labarin yake tsaye a kai. Abin da Yaya ta koya mini da minti 44, wanda na yi shekaru ina nema in sake yi na kasa, shi wata 'yar shekara 20 ta yi, ni kuma na tura ta aji uku.

Uwargida ta same ni zaune a ƙasa da asuba. Na miƙa mata kundin ban ce komai ba. Ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Allah ya yafe maka, Malam." Ba ta ƙara ko kalma ba.

A makon na rubuta a filina cewa na yi sharhin labarin da ban karanta ba, na faɗi yadda aka yi dalla-dalla, na nemi gafararta a inda na ci mata mutunci. Magana zarar bunu ce. Waɗanda suka haddace jimlar aji uku, ko kashi ɗaya cikin goma ban ga alamar sun karanta wannan ba. Wani abokina ma cewa ya yi na zubar da girmana a banza, wa zai tuna.

Na nemi lambarta wurin waɗanda suka shirya taron, na kira. Ta ce ta yafe tun tuni. Na tambaye ta me take rubutawa yanzu. Ta ce tun wancan makon ba ta sake ba. Ƙawayenta sun yi ta kiranta 'yar aji uku har ta gama makaranta, ta ce da ta ɗauki biro sai ta ji ana dariya. Ta faɗe shi ne a sake, kamar mai ba da labarin wata can daban. Taron ma, in ji ta, rakiya ta yi.

Bayan wannan na koma kan Damon Knight, ba don in ɗora masa laifi ba, shi kam littafin da ya feɗe ya karanta shi har bango. Na koma ne na tarar shi ma a shafi na uku na tsaya da karanta shi. Mutumin da na ɗauka mahauci ne kawai, shi ne a 1956 ya haɗu da Blish da Judith Merril suka fara taron Milford, inda marubuta ke zama su karanta aikin juna kafin a buga. Shi ya kafa ƙungiyar marubutan labaran kimiyya ta Amurka a 1965. Shi da matarsa Kate Wilhelm sun yi shekaru masu yawa suna koyar da sababbin marubuta a bitar Clarion, wadda aka fara a 1968, suna bin labaran yara layi-layi. Wuƙar na ara, na bar hannun da ke riƙe da ita.

Kuma ko a kan van Vogt ba kowa ne ya bi bayansa ba. Marubuci Philip K. Dick ya taɓa kwatanta irin kallon da Knight ya yi wa labarin da na jami'in duba gini, mai neman ko katanga ta miƙe, alhali a ganin Dick wannan karkacewar ita ta sa labarin ya yi kama da rayuwa. Van Vogt kansa ya sake gyara littafin a 1970, ya kuma tanka sukar a gabatarwarsa. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar da Knight ya kafa ta ba van Vogt lambarta mafi girma, lambar da bayan rasuwar Knight a 2002 aka sa mata sunansa. Shekara 50 ana jan zance ɗaya, kowa da hujjarsa, kuma ba wanda aka kora daga fage. Ni tawa muhawarar jimla ɗaya ce, abokiyar muhawarar kuma ba ta da filin da za ta mayar.

Ban daina sharhi ba, kuma ban koma ɗan amshin shata ba. Littafi in ya lalace ina faɗa, don har yanzu ina ganin yabon ƙarya cin amana ne. Abin da ya sauya kaɗan ne. Karatun farko ba na riƙe biro, a wani ɗaki ma nake barinsa. In na ga kuskure sai na tambayi kaina bakin wa ya fito, na marubuci ko na tauraro. Aikin ɗan koyo kuma ba na kai shi jarida, kiransa nake mu zauna. Jimlar da na ji ta yi mini daɗi fiye da kima, ita nake fara zargi.

Rubutu ya dawo mini a hankali, da ɗingishi. Na gama labari huɗu tun daga lokacin, biyu ba laifi. Akwai wanda nake kai yanzu, a kan wani tsoho ɗan shekara 86 da jikarsa take fitar da shi waje da asuba a 2061. Na san inda tauraruwar za ta kasance. Abin da tsohon zai ce wa yarinyar ne ya tsaya mini, wata biyar ke nan.

A wancan kiran, kafin mu yi sallama, na roƙe ta ta ba ni izini in sake buga labarin tocilar da gabatarwa daga gare ni, in kuma tana da hali ta rubuta wani in zama farkon mai karantawa. Ta yi shiru har na zaci layin ya katse. Sannan ta ce, "Bari in yi tunani, Malam."

Na kai wa Yaya zancen, yanzu ta yi ritaya, ido ya fara ba ta wahala. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ta ce a'a?" Na ce ba ta ce ba. Ta ce, "To me kake ci na baka na zuba?"

Sau ɗaya na sake tuntuɓarta, bayan shekara biyu. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi iyali, ta ce tana sane. Ban ƙara ba, kada roƙo ya zama takura. Kundin yana nan a aljihun teburina na sama, lambarta kuma na sa mata ƙarar kira daban da ta kowa.